Yadda Ake Gano Siffar Molekil Ba Tare da Hadda Ba

Ɗalibin lise a Magarya ko Dungas da ke shirin jarrabawar bak yakan haddace cewa kusurwar ruwa digiri 104.5 ce, ta amoniya 107, ta metan 109.5, amma ranar jarrabawa sai lambobin su cakuɗe masa. Alhali ƙa'ida ɗaya ce ta haife su duka: ilektiron cajinsu iri ɗaya ne, don haka suna ture juna, kowane rukuninsu yana nisantar ɗan'uwansa iyakar iyawarsa. Sidgwick da Powell ne suka kawo wannan tunani a Ingila a 1940, Gillespie da Nyholm suka inganta shi a 1957. Shi ne littattafai ke kira hanyar Gillespie, ko VSEPR.

Don gwada hanyar, ka tanadi balan-balan huɗu da zare, da ɗan yumɓu, da tsinkayen tsintsiya.

Da farko gano atam na tsakiya, wato wanda sauran suka kewaye. Haidurojin ba ya zama a tsakiya, domin haɗi ɗaya kawai yake yi. Sannan ƙirga ilektiron na zagayen waje: haidurojin 1, kabon 4, naitirojin 5, oksijin 6. Da su za ka yi zanen Lewis, wato zanen da ke nuna haɗi da ilektiron a kewayen atam.

Mu ɗauki amoniya, NH3, iskar da manomin rake a fadamun Korama yake asararta idan ya watsa takin uriya bai rufe shi da ƙasa ba. Naitirojin yana da ilektiron 5. Uku sun tafi wajen haɗuwa da haidurojin uku, biyu sun rage, tagwaye ne da ba su haɗu da kowa ba. A nan yawancin ɗalibai suke faɗuwa, don sukan zana haɗi uku su manta da waɗannan tagwaye. Ka ɗiga su a zanenka tun kafin ka ci gaba.

Yanzu ƙirga rukunan da ke kewaye da atam na tsakiya. Kowane atam da ya haɗu da shi rukuni ɗaya ne, ko haɗin guda ne ko ninki biyu ko uku. Tagwaye marasa haɗi su ma rukuni ne. A rubuce: A na tsakiya, X abokan haɗi, E tagwaye marasa haɗi. Metan AX4 ne, amoniya AX3E, ruwa AX2E2. Rukuni huɗu-huɗu ke nan dukkansu. CO2 kuwa AX2 ne, rukuni biyu.

Sai ka hura balan-balan, girmansu ɗaya. Ɗaure bakin biyu wuri guda, za su miƙe a layi, digiri 180, siffar CO2. Ƙara na uku, su baje su zama alwatika, digiri 120, kamar BF3. Da ka ƙara na huɗu za ka ga abin da allo ba ya nunawa: sun ƙi kwanciya a shimfiɗe, uku sun zama ƙafafu, ɗaya ya nufi sama, digiri 109.5 tsakanin kowane biyu. Metan da ake zanawa a allo da kusurwa 90 zane ne kawai don sauƙi. A ganina kowane malami ya kamata ya kawo balan-balan aji kafin ya ɗauki alli a wannan darasi.

Mataki na ƙarshe shi ne mai daɗi. Tagwaye marasa haɗi suna da wuri, amma ba a sa su cikin sunan siffa. Atam kawai ake dubawa. Mulmula yumɓu, soka tsinke huɗu yadda balan-balan suka nuna, ka sa ƙwallon yumɓu a kan uku ka bar ɗaya tsirara: dala mai ƙafa uku, amoniya. Cire ƙwallo ɗaya kuma, ka samu siffa lanƙwasassa, ruwa. Da yake atam ɗaya ne kawai ke riƙe da tagwaye marasa haɗi, sun fi bajewa, sun fi ƙarfin turi, sai su matse sauran. Tagwaye ɗaya sun sauko da 109.5 zuwa 107, biyu sun kai shi 104.5.

Lanƙwasar nan ita ta sa gefen oksijin na ruwa yake da caji ɗaya, gefen haidurojin kishiyarsa, shi ya sa ruwa ke narkar da gishiri da kanwa amma ya ƙi man gyaɗa. A CO2 jan ɓangarorin biyu yana soke juna saboda a miƙe yake.

Gwada kanka da SO2, wanda AX2E ne, da NH4+, inda za ka rage ilektiron ɗaya saboda cajin. H2S kuma AX2E2 ne: hanyar za ta ba ka siffa lanƙwasassa daidai, amma kusurwarsa ta gaskiya kusan digiri 92 ce, don haka kada ka kwafa masa 104.5 na ruwa.