Darasi: Shawarar Jariri Ba Ta Jiran Ranar Suna

Ya ku 'yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kwana bakwai na farko a rayuwar jariri, kuma da magidanta muke yi tun kafin mata, domin a yawancin gidajenmu na Jiratawa, Tibiri da Maraɗi, mai jego ba ta fita sai da iznin mijinta.

Al'adarmu ita ce mai jego ta zauna ɗaki da jaririnta har a yi suna. Ɗakin kuwa sau da yawa duhu gare shi, yaron yana nannaɗe cikin zane. To, a cikin waɗannan kwanaki ne ciwon shawara yake fitowa, ya hau, wani lokaci ya yi ɓarnarsa ya gama tun ba a yanka rago ba.

Ku sani, jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa. Idan suka fashe sai su bar wani sinadari ruwan ɗorawa da likitoci ke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta fitar da shi ta hanyar kashi, amma hantar jariri ba ta yi ƙwari ba tukuna. Shi ya sa wajen jarirai 6 cikin 10 sukan yi shawara a makon farko, a bakwaini kuwa har 8 cikin 10. Mafi yawanta mai sauƙi ce: ta bayyana rana ta 2 ko ta 3, ta kai maƙura wajen rana ta 5, ta wuce kafin mako biyu. Amma in sinadarin ya yi yawa yakan shiga ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya lalata a can ba ya gyaruwa. Yaro ya tashi kurma, ko jikinsa ya sandare ya kasa zama da tafiya, a yi ta ɗora wa iska da maita.

Hanyar dubawa ba ta bukatar kuɗi. A fito da jariri bakin ƙofa da rana, kullum, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna hancinsa ko goshinsa da yatsa a ga launin da ya bari. Shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa. In ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta fito a ranar haihuwa, ko yaro ya ƙi kama nono, ya yi laushi, yana barcin da ba a iya tashinsa, ko kukansa ya zama ƙara mai tsini yana banƙarewa, to ba a kwana da shi a gida. Haka nan in ta wuce kwana 14, balle kashinsa ya yi fari.

Maganar nono ita ce ta fi bukatar natsuwa, domin ita da shawara a ɗaure suke. Yaron da bai sha ya ƙoshi ba, ba zai yi kashi sosai ba, sai sinadarin ya koma jini. In ya taru sai ya sa shi kasala, ya ƙara ƙin sha. Saboda haka a sa shi a nono tun sa'ar farko, sau 8 zuwa 12 dare da rana. Dakashin da tsofaffi kan ce a matse a zubar, shi ne ke wanke masa ciki. Ruwa, dauri da madarar akuya cika masa ciki kawai suke yi, su hana shi nema. Tahniki sunna ce, amma ɗan tauna dabino ne a goga a dasashi, ba ɗura ba. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba. Kuma kada a kira wanzami a ce beli ne ya hana shi sha: jariri mai shawara da aka yi wa yanka a maƙogwaro, an ƙara masa ciwo a kan ciwo.

A kula da ƙwallon kafur da ake sa wa cikin kayan jarirai, da lalle. Akwai wani raunin jini na gado mai suna G6PD, ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza, kuma waɗannan abubuwa biyu suna fasa jinin mai shi.

Me ake yi a asibiti? Ana auna jini, sannan a kwantar da yaro ba riga a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, a rufe masa ido. Hasken yana sauya sinadarin yadda zai fita ta fitsari da kashi. An gano wannan a Ingila cikin 1956, da wata ma'aikaciyar jinya ta lura cewa jariran da hasken rana ya taɓa shawararsu na raguwa. Amma kada wani ya ji haka ya shanya ɗansa a ranar Maraɗi. Ƙuna da ƙishirwa za su riga magani. In yaro ba ya iya tsotso, uwa za ta tatso nononta a ba shi da ƙaramin kofi, ko ta siririn roba da ake zurawa ta hanci zuwa ciki. Iyaye da dama kan firgita da robar nan su ce a sallame su, alhali ita ce bakin yaron har ya samu ƙarfi. In abin ya tsananta, akan sauya masa jini.

Mutumin Jiratawa ya fara da asibitin garinsa na CSI, su ne za su tura shi Madarunfa ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maraɗi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, ko da yake uba ya riƙe kuɗin mota da na abin da kan yanke.

Sai tambayar da ake yawan yi: yaya za a yi da suna in an kwantar da su? Ba sharaɗi ba ne jariri ya kasance cikin gida a ranar. A yanka ragon, a raɗa suna, a yi addu'a a ƙofar gida kamar yadda aka saba, a kai wa mai jego rabonta na nama can gadon asibiti.