Neman Ɗanƙwairo a Kundin Ɗakin Karatu

Ɗalibin da ya taso daga Toranke zuwa ɗakin karatu na Jami'ar Bayero domin nazarin waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo yana iya komawa gida hannu rabbana, alhali littattafan suna nan a kan kanta. Dalili kuwa shi ne sunan yakan zo da siga uku: Ɗanƙwairo, Dankwairo da Dan Kwairo. Yawancin tsofaffin tafiretoci ba su da ɗ da ƙ, ita kuma kwamfuta takan ɗauki ƙ da k a matsayin haruffa dabam. Masana tsirrai sun rage irin wannan ruɗani tun 1753, da Linnaeus ya daidaita sunayen tsirrai. Makaɗa ba su sami wannan gata ba. Sai ɗalibi ya gwada kowace siga, sa'an nan ya duba ƙarƙashin Musa, har da Maradun.