Ido da amodari

Ido yana da fari da baƙi. A tsakiyar baƙin akwai wata ƴar kafa. Ta nan haske yake shiga, mutum ya gani. Fatar ido da gashin ido suna tare ƙura, hawaye kuma suna wanke ido.

Amodari ciwon ido ne. Ƙudaje da hannu mai dauɗa ke yaɗa shi. In ya daɗe, sai gashin ido ya juya ciki, ya dinga kartar baƙin ido har mutum ya makance.

Ƙuda kwantsa yake bi. Saboda haka a wanke fuska da sabulu kullum. In ido ya yi ja, a tafi gidan likita.

Tambaya: Mi ke yaɗa amodari?