Darasi a kan Ciniki: Mai Bi da Sayar da Abin da Aka Gyara

Ya ɗan'uwa, kai da ka soma bin Yesu Almasihu, da kai kuma da kake tambaya tukuna a kan wannan hanya, darasinmu na yau a kan ciniki ne. Mutane da yawa suna tsammani bangaskiya abin ranar Lahadi ce, kasuwa kuwa tana da tata shari'a dabam. Amma Allah wanda yake jin addu'arka da asuba, shi ne yake tsaye a wurin da kake tayi da sallamawa da tsakar rana.

Bari mu ɗauki abu ɗaya mu dube shi da kyau. A Auyo da Haɗeja, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, akwai rumfunan da samari suke taruwa da maraice, suna biyan 'yan kuɗi domin su buga ƙwallo a jikin talabijin. Akwatin da yake yin wannan wasa, wanda suke kira gem, ba safai ake sayen sabonsa ba, gama yana da tsada. Yawancinsu na hannu ne, sun tsufa a Turai ko Amurka, suka shigo ta Legas, suka biyo ta kasuwannin Kano, kāna suka iso hannun mai rumfa. PlayStation 2 ya fito a 2000, Xbox 360 a 2005, PlayStation 3 a 2006, PlayStation 4 kuwa a 2013. Ka ƙidaya shekarun da kanka. Abin da ya yi wannan doguwar tafiya, ya kuma sha ƙurar hunturu da wutar janareta, lalle wata rana zai tsaya, a kai shi wurin mai gyara. Bayan gyara kuwa, sau da yawa mai shi yakan so ya rabu da shi. Nan jarraba take.

Da fari ka sani, gyara ba laifi ba ne, sayar da gyararre ba laifi ba ne, riba ma halal ce. Mai gyara guminsa yake ci. Amma gyara iri biyu ne, mai saye kuwa ba ya iya rarrabe su da ido.

Akwai gyaran gaskiya. Fanka ta mutu, aka sa wata. Idon da yake karanta faifai ya dushe, aka canja shi. Ko kuwa akwatin an ƙera shi domin wutar Amurka mai ƙarfin wajen 120, wani ya jona shi da tamu mai wajen 230, wurin shigar wuta ya ƙone, aka sāke shi. Irin wannan in an yi shi da kyau, akwati yakan ƙara shekaru yana aiki.

Akwai kuma gyaran ganin ido. Xbox 360 na farko ya yi suna da wata cuta: fitilu uku a goshinsa su yi ja, ya ƙi tashi. Dalmar da take riƙe da ɓangaren da yake zana hoto ce take tsagewa, saboda zafi da sanyi suna ta sāke mata hali. Cutar ta yi yawa har a 2007 kamfanin Microsoft ya yarda da ita a fili, ya ɗauki alkawarin gyara na shekara 3, ya kuma ware fiye da dala biliyan 1 saboda wannan. PlayStation 3 na farko ma yana da tasa, mai fitila rawaya. Masu gyara sun san wata dabara: a hura wa wurin iska mai zafi, sai abin da ya rabu ya sāke haɗuwa, akwati ya tashi kamar bai taɓa ciwo ba. Amma asalin cutar yana nan. Yakan yi mako, ko wata, ko 'yan watanni, sa'an nan ya koma.

Mu mutanen bakin kogi muna da namu dabam. A 2020 da 2022 ruwa ya yi ambaliya a yankin Haɗeja, ya ci gonaki, ya shiga gidaje da rumfuna. Akwatin da ruwa ya taɓa, in an buɗe shi aka goge aka shanya, sau da yawa yakan tashi. Amma laka da laima sukan maƙale ƙarƙashin ƙananan ƙarafan ciki, tsatsa tana ci a ɓoye kamar gara cikin azara, mai saye kuwa yana ganin waje sumul.

To, a ce akwatinka irin wannan ne, ga wani saurayi ya tara kuɗinsa daga ƙwadagon shinkafa, yana so ya kafa rumfa ya riƙa samun na abinci. Ya zo, ka kunna masa, hoto ya fito, ya yi murna. Me za ka yi?

Zuciya za ta ce maka, "Ai ban yi ƙarya ba. Bai tambaye ni ba, ni kuwa na yi shiru." Ka yi hankali da wannan magana, gama tana da daɗin ji. A Littafin Firistoci sura 19, Allah ya hana mutanensa sa wa makaho abin da zai yi tuntuɓe da shi a hanya. Wanda ya ajiye dutse a gaban makaho bai buɗe baki ba, duk da haka shi ya kā da shi. Wannan saurayi makaho ne ga abin da yake cikin akwatin, kai kaɗai kake gani. Ka kuwa kunna masa domin ya gaskata lafiyayye ne, ka karɓi kuɗin lafiyayye. Hannunka ya faɗi abin da bakinka ya ji tsoron faɗa. Mai algus da ya zuba tsaba mai kyau a bakin buhu, ya bar tsakuwa a ƙasa, shi ma bai ce kome ba. Annabi Amos, a sura 8, ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa saboda irin wannan aiki, masu rage mudu, masu sayar da sharar hatsi a maimakon hatsi.

Wani zai ce, "Ni ma haka aka yi mini a Kano." Mun ji, abin da zafi. Amma wanda ya cuce ka dabam, wannan yaro dabam. In ka miƙa masa asarar, ka zama abokin aikin wanda ya cuce ka.

Wani kuma zai ce, "In na faɗa, kuɗin zai ragu." Gaskiya ne, zai ragu, ba za mu ruɗe ka ba. Wataƙila ma mai saye ya juya ya tafi. Amma abin da ya ragu ɗin ba naka ba ne tun da fari, kuɗin lafiyar da akwatin ba shi da ita ne. Bin Almasihu yana da abin da yake ci wa mutum, a nan kuwa ka san ko nawa ne, har ka iya ƙidaya shi.

Ka tuna kuma ana kallonka. Maƙwabtanka Musulmi sun sani a shari'arsu ɓoye aibin haja haramun ne, wanda ya sayi abu ya iske aibi ɓoyayye yana da ikon mayarwa. In suka ga wanda ya ce shi mai bi ne ya kāsa yin abin da kowane ɗan kasuwar kirki a garin ya sani, me za su ce a kan sunan da aka kira ka da shi? A ƙaramin gari magana ba ta kwana a wuri ɗaya.

Ga yadda ya kamata ka yi. Tun bai taya ba ka ce masa, "Ƙanena, tsaya ka ji. Wannan akwati ruwa ya taɓa shi da damina. An wanke shi, an canja fanka, yana aiki yanzu, amma ban iya ɗaukar maka alkawarin daɗewarsa ba. Saboda haka na rage kuɗinsa." Ka faɗi abin da ya same shi, da abin da aka yi masa, da abin da kake tsoro. Ka bar shi ya buga wasa sa'a guda ko fiye, gama cutar zafi ba ta nuna kanta sai akwati ya ɗumama, kunnawar minti biyu ba gwaji ba ce. Ku yanka kwanakin da zai iya mayarwa, a gaban shaidu. In ya ji duka ya ce ya saya, ka sallama da farin ciki, kuɗin naka ne.

In ta hannun dillali za ka sayar, nauyin bai sauka daga kanka ba. Ka gaya masa aibin, ka kuma ce lalle ya gaya wa mai saye. In ka san halinsa na rantse-rantse ne domin la'adarsa ta ƙaru, ka nemi wani.

Saura wanda ya riga ya sayar, yana karanta wannan takarda zuciyarsa tana sukarsa. Luka sura 19 ta ba da labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda sa'ad da Yesu ya sauka a gidansa ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta har riɓi huɗu. Kada ka jira akwatin ya mutu a zo a same ka. Ka je wurin mai sayen, ka gaya masa abin da ka ɓoye, ka roƙi gafara, ka bar shi ya zaɓa: ko ya mayar maka ka ba shi kuɗinsa, ko ka biya masa gyaran gaskiya, ko ka mayar masa da abin da ya hau. In kuɗin ya riga ya shiga cefane, ka faɗa masa haka, ku shirya biya kaɗan kaɗan, ko bayan girbin shinkafa. In kuwa baƙo ne da ya zo ran kasuwa ya wuce, ka yi cigiyarsa wurin dillali da masu gyara. In duk ya gagara, ka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, ku ƙididdige abin da ya hau, a ba wani mabukaci.