Mai ciwon sukari a lokacin annoba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Alakos da kewaye, yau za mu yi nazari a kan ciwon sukari da abin da annobar korona ta jawo wa masu shi.

Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko mai korona a ƙasarmu Nijar, a birnin Yamai. Gwamnati ta rufe iyakoki, ta rufe makarantu da masallatai. Sai ranar 13 ga watan Mayu aka sake buɗe masallatai. Damagaram tana cikin jihohin da cutar ta shiga.

Korona ta fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon sukari. Dalili kuwa, idan sukari ya yi yawa a jini, ƙarfin jiki na yaƙi da cuta yana raguwa. Zazzaɓi kuma yana ƙara hawan sukari. Ta haka cuta biyu suke taimakon juna a jikin mutum ɗaya.

Amma a ganinmu, ɓarnar da ta fi shafar mutanen karkara ita ce yankewar magani. A watan Mayu na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta binciki ƙasashe 155. Kusan rabinsu sun ce aikin kula da masu ciwon sukari ya samu cikas. Mu duba halinmu. Mai ciwon da ke ƙauye yana bukatar zuwa likita don a auna jininsa. Wani sai ya je Gure, wani har babban asibitin Damagaram. Idan tafiya ta yi wuya, ko mutum ya ji tsoron kamuwa da cuta a asibiti, sai ya zauna gida. Ƙwayoyi su ƙare. Ciwon sukari kuwa ba ya ihu. Mutum yana jin lafiyarsa lau, alhali ciwon yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

A watan Mayu na 2023 Hukumar ta ce korona ta daina zama abin gaggawa a duniya. Sai dai ƙasarmu ta saba ganin sanƙarau da kwalara, damina ma tana tsare hanya. Saboda haka kada mu jira ƙwayar ƙarshe kafin mu nemi wata. Mu roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta sunan maganin a takarda, domin ɗa ko maƙwabci ya iya sayo shi. Wannan ma amfanin karatun yaƙi da jahilci ne.

Mai yin allurar insulin ya tuna zafi yana lalata ta. Inda babu firji, a sa kwalbar cikin ƙaramin tulu, a binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ba a daina allurar don ana zazzaɓi. Mai shan ƙwayar metformin, idan amai ko zawo ya kama shi, ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya ci gaba da sha.

Mu rage sukari a fura da koko da shayi. Shayin nan na hira, kofi uku, sukarinsa ba kaɗan ba ne. Mu yawaita wake da zogale da kuɓewa, mu rage malmalar tuwo. Kowane dare a duba ƙafa da tsakanin yatsu, don ƙaya da ƙarangiya suna shiga ba a ji ba, gyambo ya biyo baya.

Idan mai shan magani ya kama rawar jiki da gumi da jiri, sukarinsa ne ya faɗi. A ba shi sukari ƙwaya 3 nan take, in yana iya haɗiya. Idan kuwa ƙishirwa ta tsananta, fitsari ya yawaita, ga amai, ko hankali ya fara gushewa, a ɗora shi a amalanke ko babur zuwa likita mafi kusa, ko da ana cikin annoba.