Darasi na Tara: Daga Ubangida zuwa Masoyi: Son Taurari a Tsakanin Ɗalibai

Gabatarwa

Wannan darasi zai dubi wata ɗabi'a da kowane malami zai tarar a ajinsa, wato yadda ɗalibai ke ɗaukar wani mawaƙi ko ɗan wasan fim su mayar da shi gwaninsu, su kwaikwayi shigarsa da maganarsa, har su yi faɗa saboda shi. Za a kwatanta abin da yadda yake a ƙasar Japan, domin sau da yawa sai mutum ya leƙa gidan wani yake gane tsarin nasa.

Mawaƙi da ubangidansa

A al'adar Bahaushe, mawaƙi shi ke yabo, ubangida kuma shi ake yabo. Makaɗin fada yana da sarkinsa, makaɗin noma yana da manomansa, kuma kyauta daga sama take gangarowa, ko riga ko doki ko gona. Alhaji Mamman Shata misali ne da ya shafi Daura kai tsaye. Duk da cewa mutumin Musawa ne, ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar waƙa, zumunci ya ƙullu a tsakaninsu, har da ya rasu a 1999 a Daura aka yi masa sutura. Shata yana da masoya ba iyaka, amma masoyan nan masu sauraro ne kawai. Ba su suke riƙe da shi ba, kuma ba a san saurayi da burin yin shiga irin ta makaɗi ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar kiɗa sana'ar gado ce ta roƙo.

Sauyin da fim ya kawo

Finafinan Hausa na bidiyo sun soma da Turmin Danya a 1990, sannan mujallar Fim ta fara fitowa a 1999. Daga nan aka sami sabon mutum a cikin al'umma, wanda ake kira jarumi ko jaruma ko tauraro. Akalar yabo ta juya: yanzu matashi ne ke yi wa ɗan wasa kirari. A shekarun 2000 ɗalibai kan manna hotunan Ali Nuhu ko marigayi Ahmad S. Nuhu a bangon littafi, 'yan acaɓa su liƙa su a jikin babur, aka kuma kafa kulob-kulob na masoya a garuruwa. Yau wayar hannu ta gaji wannan aiki, ta hanyar TikTok da Instagram, inda a 2020 waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta game ko'ina.

Abin lura shi ne, baƙi ne suka riga wasunmu ɗaukar wannan fage da muhimmanci. Brian Larkin, malami a Amurka, ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa matasan Hausa sun rungumi finafinan Indiya ne saboda sun ga soyayya da auren dole da kunya a cikinsu, abubuwan da suka yi kama da rayuwarsu fiye da na Turawa. A lokacin da yawancin malamanmu ke ganin abin shashanci ne, shi ya gan shi a matsayin tagar leƙa zuciyar matasa.

Misalin Japan

A Japan abin ya zama masana'anta mai tsari. Ana kiran irin waɗannan taurari aidoru, kuma ba lallai ne su fi kowa murya ba. Abin da ake sayarwa shi ne kusanci. Ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta AKB48, wadda Yasushi Akimoto ya kafa a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo a 2005, takan saka tikiti a cikin faifan waƙa, wanda zai ba mai saye damar gaisawa da gwanarsa na 'yan daƙiƙoƙi. Daga 2009 zuwa 2018 an riƙa yin zaɓen shekara-shekara, ƙuri'a kuwa a cikin faifai take, don haka masoyi ɗaya kan sayi faifai iri ɗaya da yawa domin tauraruwarsa ta hau sama. Ke nan masoyi ya zama ubangida, sai dai ubangida ne mai kai dubu.

Ubangida kuwa yana da sharaɗi. A 2013 wata 'yar ƙungiyar, Minami Minegishi, ta aske kanta ta nemi gafara a bainar jama'a saboda an gano tana da saurayi. Kada ɗalibi ya yi saurin cewa wannan sai Japan. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki. Dalilan sun bambanta, can ciniki ne, nan tarbiyya da addini, amma a wuraren biyu mace ce aka fi sa wa ido, kuma jama'a na jin suna da haƙƙi a kan rayuwarta.

Abin da ya shafi malami

Hani da bulala ba su cire hoton tauraro daga zuciyar yaro. Aljihu kawai yake komawa. Malamin Hausa yana da dama da sauran malamai ba su da ita, domin abin da ɗalibi ke so ɗin waƙa ce, waƙa kuwa darasinsa ce. Yaron da ya haddace baitocin Nura M. Inuwa ya riga ya san amsa-amo da kari, sunayensu ne bai sani ba.

Aikin yi

Ka tattauna da dattijo ɗaya da ya ga wasan Shata ido da ido, da kuma ɗalibin sakandare ɗaya mai gwani a cikin mawaƙan yau. Tambayi kowannensu abin da ya taɓa kashewa saboda gwaninsa, da abin da yake jin gwanin ya kamata ya yi masa. Rubuta abin da ka samu a shafi biyu.