Dutsen Tuf Mai Ruwan Hoda da Sharuɗɗan Gini da Shi

Yawancin manyan gine-ginen tsakiyar Yereban, babban birnin Armeniya, an yi su ne da tuf, wato dutsen da ke samuwa idan tokar da dutse mai aman wuta ya fesar ta zube da zafinta, ta danne juna, ta daskare. Mafi shaharar irinsa shi ne wanda ake haƙowa a Artik, a gindin tsaunin Aragats, kuma launinsa na ruwan hoda ya samo asali ne daga sinadarin ƙarfe da ya yi tsatsa a cikinsa. Da irin wannan dutse aka ƙawata dandalin tsakiyar Yereban, bisa tsarin da masanin zanen gini Alekzanda Tamaniyan ya zana, wanda aka amince da shi a 1924.

Abin da ke jan hankalin magina ga tuf shi ne ƙananan ramukan iska da suka cika jikinsa, domin su ne suka sa nauyinsa bai wuce kusan rabin na dutsen giranit ba, suka sa ana yanka shi da zarto ana sassaƙa masa ado ba tare da wahala ba, suka kuma sa bangonsa ke jinkirta shigar zafi da sanyi. Sai dai waɗannan ramuka su ne kuma rauninsa, don yana tsotsar ruwa kamar soso. Danshin da ya taso daga ƙasa yakan hau bango ɗauke da gishiri, ya bar farin tabo a layukan ƙasa, idan kuma hunturu ya zo ruwan ya zama ƙanƙara ya kumbura, sai fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Saboda haka ake ɗora shi a kan harsashi na dutse mai tauri irin basalt, a nisanta ruwan rufi daga bango, a kuma haɗa shi da kwaɓin farar ƙasa, wanda ke barin danshi ya fita. Shafe shi da siminti mai ƙarfi ko fentin mai, wanda wasu ke ɗauka kariya ce, kulle ruwan yake yi a ciki.

Rashin nauyin tuf kuma ba ya wadatarwa a yankin da ƙasa ke motsi, kamar yadda girgizar ƙasar Sipitak ta 1988 a Armeniya, wadda ta hallaka mutane kusan 25,000, ta nuna, inda bangayen dutse da ba a ɗaure su sosai da bene da rufi ba suka rabu suka zube.